Sarkin Da Ke Kwana Da Takalmi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!... Abin da bakin Hassia ya iya furtawa ke nan, ta faɗa ta sake faɗa har ba ta san adadi ba, tana tsaye a buron Madam Ferrand, wato ofishin malamar da ke kula da bincikenta, a jami'ar da take karatu a Lyon, ruwan saman watan Oktoba na shekarar 2011 yana tsiyaya daga gefen mayafinta zuwa ƙasa. Saura mako uku cif ta tsaya gaban malamai ta kare tez ɗinta, wato littafin binciken digirin dakta da ta ba shekara shida na rayuwarta. Da aka kira ta da safen nan, a zatonta rana za a tabbatar mata, har ta tsaya a hanya ta sayi alewa don ta raba wa ma'aikata. Sai ta tarar da littattafai biyu a kan tebur. Ɗaya nata ne. Ɗayan kuwa an buga shi a Paris tun bara, ga suna ɓaro-ɓaro a bangonsa: Abdourahamane Issa. Ɗan baffanta! Yayanta da suka ci tuwo a kwano ɗaya a Zinder!

"Buɗe shafi na tamanin," in ji Madam Ferrand, ko kujera ba ta nuna mata ba.

Hassia ta buɗe. Wayyo Allah! Kalmominta ne, jimla bayan jimla, har da waɗanda ta sha wuya kafin ta samo su, suna zaune daram ƙarƙashin sunan wani. Ta juya shafi, su ne. Ta juya goma, su ne dai. Ta zame ta zauna a ƙasa, alewar ta watse ko'ina.

"Madam, wallahi aikina ne... Ni na rubuta wannan, da hannuna..."

"Nasa ya riga naki fitowa da shekara guda. Kina da wata shaida?"

Shaida? Ina Hassia za ta samo shaida, bayan wanda ya kamata ya tsaya mata shi ne ya yi mata yankan baya!

Bari in koma da ku baya ku san wace ce wannan baiwar Allah. Hassia na shekara shida iyayenta duka biyu suka rasu a hatsarin mota a hanyar Tessaoua. Ba a gama sadakar bakwai ba dangi suka kama ja-in-ja a kanta. Baffanta Issa na Zinder ya ce ɗiyar ƙaninsa ce, jininsa ce. Kawunta na Maradi ya ce ɗiyar ƙanwarsa ce, ba ya bari. Da gardama ta ƙi ƙarewa sai aka raba ta kamar naman layya, wata shida nan, wata shida can. Yarinya ta tashi ba ta san inda za ta kira gida ba. Duk inda aka kai ta, da takalminta take kwana a ƙarƙashin kai, don ba ta san ranar da za a ce tashi ki shiga mota ba. Sai da kawun ya rasu ta zauna dindindin a hannun Baffa Issa, ma'aikacin gidan waya, mutum mai tsari da tsoron Allah, wanda ya tsaya kai da fata sai da ta yi karatu har ta samu tafiya Faransa.

Shi ya sa da tsohon malaminta Mushe Garnier, wato Malam Garnier a bakin Faransawa, ya tambaye ta a kan me za ta yi bincike, ta zaɓi abin da ya sa 'yan'uwanta ɗaliban Nijar suka yi ta dariya: labarin wani yaron sarki a ƙasar Scotland, wadda Faransawa ke kira Ekos, shekara kusan ɗari biyar da suka wuce. Ubansa ya mutu a fagen yaƙi ya bar shi ƙarami, manyan fada kuwa kowa na son yaron a hannunsa, domin duk wanda ke riƙe da yaron shi ke riƙe da ƙasa. Suka yi yarjejeniya za su riƙa karɓarsa bi da bi, kowa da watanninsa, har ɗayansu ya karɓa ya ƙi mayarwa.

"Ke Hassia, ina ruwan Bahaushiya da sarkin Ekos?" haka ƙawarta Sahadatou ke tsokanarta. "Sarakunan Damagaram sun ƙare ne?"

Ita dai sai ta yi murmushi. Ta san abin da ya haɗa ta da yaron nan.

A watan Maris na 2008 Allah Ya buɗe mata ƙofa. A gidan wata tsohuwa ƙawar Mushe Garnier, jikar 'yan kasuwar siliki na Lyon, ta tono wasu wasiƙu a ƙasan akwati, waɗanda ba wani mai bincike da ya taɓa gani. Matar da ta yi renon yaron sarkin ce ta rubuto su ga ɗan'uwanta da ke fatauci a Lyon. A cikinsu take ba da labarin yadda manyan nan biyu ke yi wa juna murmushi a fada suna wasa wuƙa a ɓoye, da yadda yaron ya daina yarda a cire masa takalmi in zai kwanta, wai bai san a gidan wa zai farka ba. Ranar da Hassia ta karanta wannan layin ta kifa kai a kan akwatin ta yi kuka har tsohuwar ta tsorata.

To, akwai abin da Hassia ba ta taɓa fashi a kansa ba tun zuwanta Faransa. Idanun Baffa Issa sun yi yana, ba ya iya karanta wasiƙa, don haka kowane wata sai ta ɗauki kaset, ta fara da faɗin kwanan wata, ta gaishe da kowa da sunansa, sannan ta ba shi labarin karatunta da Hausa kamar mai tatsuniya. Manyan fadan nan ta raɗa musu Galadima da Waziri don ya gane. Ta sa a ambulan ta kai gidan waya. Baffa kuwa labarin ya shiga ransa, duk ranar da suka yi waya tambayarsa ɗaya ce: "To, yaron nan hwa, ya kuɓuta?" Ita kuma ta ce, "Ba mu kai can ba tukuna, Baffa."

Daga nan ne jarrabawa ta fara zuwa tana bin juna. A farkon 2009 Mushe Garnier ya faɗi ya mutu, ba a daɗe ba tsohuwa mai akwatin ta bi shi, magada suka kwashe kayan gidan. Cibiyar binciken da malamin ya kafa sai aka raba ta tsakanin almajiransa biyu da ba sa ga maciji da juna, Mushe Delmas a Paris da Madam Ferrand a Lyon, kowa ya yi shugabanci shekara guda ya miƙa wa ɗaya. Hassia ta sake zama marainiya a hannun manya biyu. Madam ta gaje ta kamar yadda ake gadon tsohuwar kujera, shekara biyu ba ta karanta mata ko shafi ɗaya ba. Ana cikin haka ciwon ciki ya kayar da Hassia, aka yi mata aiki, ta yi mako biyar a asibiti. Abdourahamane, wanda ya shekara tara a Paris yana karatun tarihi a ƙarƙashin Delmas bai haɗa komai ba, ya zo dubiya da lemo da fara'a.

"Ƙanwata, ɗakinki na site, gidan ɗaliban nan, ba tsaro. Kawo makulli in ɗauke miki ordinatarki, wato kwamfutar, da kayekayen nan da kike rubutu a ciki in ajiye a gidana a Sevran har ki warke."

Wa ke yi wa yayansa musu? Ta ba shi, har tana sa masa albarka. Ranar da aka sallame ta ya bugo waya yana salati, wai ɓarayi sun fizge jakar a cikin jirgin ƙasa na RER. Komai ya tafi, na'urar, kaye goma sha ɗaya, hotunan wasiƙun. Hassia ta yi kwana uku ba ta iya cin abinci ba, amma ita ce ma ta koma tana lallashinsa kada ya sa damuwa a ransa. Ta share hawaye ta fara daga farko, daga abin da ke cikin kanta, domin wasiƙun nan ta haddace su kamar karatun allo.

Abin da ya fi ci mini rai a labarin nan shi ne walima. A 2010 Abdourahamane ya ce ya gama, zai kare tez ɗinsa, wai a kan kasuwancin Faransa da ƙasashen arewa ne. Hassia ta yi murna kamar nata, ta hau jirgi zuwa Paris. Ya ce, "Ba sai kin je zauren ba, surutun Turawa ne kawai. Zauna ki yi mana dambu da miyar kuka, mutane da yawa za su zo." Ta wuni tsaye a kicin a Sevran, hayaƙin mai na shiga mata ido, tana dafa abincin bikin satar da aka yi mata! Da yamma ta yi guɗa da ya shigo. Kai, ɗan Adam!

Yanzu mu dawo buron Madam Ferrand. Washegari Hassia ta kama hanyar Sevran, ta same shi a falo yana shan shayi. Ko gaisuwa ba ta iya ƙarasawa ba.

"Yaya... me na yi maka? Ka ce mini ɓarayi ne..."

Bai ko ɗaga kai ba. "Bon, Hassia, ki saurare ni. Shekara tara na yi a nan ban gama ba, kullum Baffa na tambaya ina takarda. Ke daga zuwa sai ki riga ni? A ce ɗiyar riƙo ta zama dakta, ɗan gida yana yawo?"

"To ka faɗa musu gaskiya, Yaya, don Allah don Annabi! Cewa suke ni ce ɓarauniya!"

"A gidanmu kika ci kika girma. Tuwon ubana ne ya zama ƙwaƙwalwar nan da kike taƙama da ita. Ki ɗauka kin rama alheri." Ya kurɓi shayinsa. "In kuma kin ce za ki yi faɗa, c'est ta parole contre la mienne, maganarki ce kawai da tawa. Wa zai yarda da ke?"

Ta fito tana tafiya ba ta ganin gabanta, har ta wuce tashar jirgin ba ta sani ba.

Kwamitin ladabtarwa bai ɓata lokaci ba. Delmas ya samu sandar dukan kishiyar mulkinsa, ya riƙa yayata cewa a Lyon ɓarayi ake renowa. Madam Ferrand kuwa, da ta ga shekarar shugabancinta na neman suɓucewa, sai ta wanke hannunta tas, ta ce ita dama ba ta san yarinyar sosai ba. Giwaye biyu suka yi faɗa, ciyawa ta sha taka. Aka kori Hassia, aka hana ta shiga kowace jami'a har shekara biyar, aka karɓe ɗakinta. Amma duk wannan bai kai wayar da ta shigo mata ranar wata Juma'a ba. Baffa Issa ne. Bai amsa gaisuwarta ba.

"Hassia, abin da Abdourahamane ya hwaɗa mini gaskiya ne? Kin saci littahin ɗan'uwanki?"

"Baffa..."

"Ni na rene ki da hannuna! Shekara talatin ina aikin gidan waya, ko tambur ɗaya ban taɓa ɗauka ba. A gidana za a samu ɓarauniya? Kada ki ƙara aiko mini da kaset!"

Ya kashe. Hassia ta tsaya da waya a kunne, bakinta a buɗe, har Sahadatou ta zo ta zare ta daga hannunta.

A gidan Sahadatou ta samu mafaka, a hawa na tara na wani dogon bene a Rillieux-la-Pape, ta shimfiɗa katifa a falo, akwatinta a ƙulle kusa da ƙofa. Wadda ta kusa zama dakta ta koma wanke tsofaffi da share musu gidaje. In ta shiga taron 'yan Nijar sai hira ta mutu, mata su riƙa jan jakunkunansu kusa da jiki. Takardar zamanta ta ƙare, aka riƙa ba ta ta wata uku-uku saboda ƙarar da ta ɗaukaka, kowa ya san da an yi watsi da ƙarar sai jirgi. Ta rame har zobenta na faɗuwa. In ta idar da sallah sai ta daɗe a zaune tana cewa, "Ya Allah, Kai ne shaidata, ba ni da wani sai Kai..."

Wata rana Sahadatou ta buga cinya. "Ke! Kasetocin da kike aika wa Baffa fa? Ba duk labarin na ciki ba? Ki ce a aiko da su!"

Hassia ta girgiza kai hawaye na zuba. "Na tuna da su tun ranar farko. Amma in ce wa tsohon nan ya miƙo mini wuƙar da za a yanka ɗansa na cikinsa? Mutumin da ya ɗauke ni ina marainiya? Gara in tafi gida da sunan ɓarauniya."

"Mais c'est pas possible! Haƙurin nan naki zai kashe ki, Hassia!"

"To ya kashe ni."

Ashe Allah Yana nan da shirinSa. A watan Afrilu na 2012 Abdourahamane, wanda yanzu ya samu aikin koyarwa yana ji da kansa, ya kawo mahaifinsa Paris a yi masa aikin ido. Tsohon ya sauka da ƙaramar jakarsa da wata babbar jakar leda da ya hana kowa taɓawa. Kasetocin Hassia ne, sun haura saba'in. Ya ɗauko su ne don ya mayar mata, ya ce ba ya ƙara ajiye muryar ɓarauniya a ɗakinsa.

Ranar Lahadi bayan azahar 'yan Nijar na Sevran da Clichy suka cika falo don gaida Alhaji. Ana hira sai wani ya ce, "Dakta, ba ka taɓa ba mu labarin abin da ke cikin littafin nan naka ba." Abdourahamane ya gyara zama, ya fara zuba. Yaron sarki, manyan fada biyu, yarjejeniyar karɓa bi da bi... Baffa Issa da ke kishingiɗe yana jan carbi ya tsaya cak. Da ɗan nasa ya kai kan wasiƙun ya ce, "Ni na tono su da kaina, a ciki aka ce yaron nan ba ya yarda..." sai muryar tsohon ta katse shi.

"Ba ya yarda a cire mai takalmi in za shi kwana."

Kowa ya juyo ya dubi tsohon.

"Don bai san a gidan wa za shi hwarka ba, na Galadima ko na Waziri." Tsohon ya tashi zaune, carbin ya zame daga hannunsa. "Abdourahamane, yaushe ka tono wasiƙun nan?"

"A... a 2009, Baffa."

"La'ilaha illallahu! Uwarka na da rai muka ji wanga labari ni da ita a tsakar gida, ta yi kuka har ta jiƙe zanenta. Uwarka kuwa ta rasu a Afrilun 2008! Da muryar wa na ji shi? Da muryar wa, Abdourahamane?"

Gumi ya keto wa Dakta. Baƙi suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya suna neman takalmansu. Tsohon ya ɗora hannu biyu a ka yana kuka kamar ƙaramin yaro. "Na kira marainiyar Allah ɓarauniya! Na kira ɗiyar ƙanina ɓarauniya! Mi zan ce wa ubanta gobe kiyama?"

Washegari da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofar Sahadatou a Rillieux. Hassia ta buɗe, sai ga Baffa Issa tsaye, wani ɗan Zinder ya rako shi tun daga Paris, jakar leda a rungume a ƙirjinsa. Kafin ta durƙusa shi ya riga ta kai gwiwa ƙasa.

"Subhanallahi! Baffa, tashi! Don Allah tashi, kada ka sa ni cikin wuta!"

"Ki yahe mini, ɗiyata..."

Suka rungume juna suna kuka a bakin ƙofa har maƙwabta suka leƙo. Da suka natsu ya ce zai je gaban kwamitin da kansa. Ta roƙe shi ya bari, ta ce ɗansa ne, ta ce ta haƙura. Ya ce, "Ɗana ne, shi ya sa ni ya kamata in tahi. In na rufa mai asiri yau, wuta na rufa mai."

A watan Yuni aka zauna sauraren ƙarar a Paris. Ga alƙalan kwamiti a jere, ga Delmas a wannan gefe, ga Madam Ferrand a wancan, ba mai kallon wani. Ga Abdourahamane cikin kwat. Baffa Issa ya shigo da farar riga da bandeji a ido ɗaya, ya juye jakarsa a kan tebur. Kowane kaset na cikin ambulan ɗin da ya zo a ciki, an yanka gefensa da wuƙa a tsanake, ga tambur, ga hatimin gidan wayar Lyon, ga na Zinder, a baya kuma ga ranar isowa da hannun tsohon. Tsohon ma'aikacin gidan waya ba ya yar da ambulan, haka ya saba tun yana saurayi.

Delmas ya yi wata 'yar dariya. "Ambulan buɗaɗɗe ba shaida ba ne. Ko jiya ana iya ɗaukar kaset a zura a ciki."

Hassia ta sunkuyar da kai. Amma da tafinta ya fassara wa Baffa, sai tsohon ya sa hannu a aljihun rigarsa ya zaro wani ambulan guda. Wannan a liƙe yake, ba a taɓa buɗe shi ba.

"Wanga ya iso ranar da muka kai matata makwancinta. Na rubuta ranar a bayansa, na kasa buɗewa, don tare muke saurare ni da ita. Shekara huɗu ke nan. Ban san mi ke ciki ba. Ku buɗe da hannunku."

Shugabar kwamitin ta juya shi, ta duba liƙin, ta karanta hatimin da ƙarfi: Lyon, bakwai ga Afrilu, 2008. Ta yanka. Sai kuma aka tsaya ana kallon juna, domin duk faɗin ginin nan babu na'urar da ke cin kaset! Baffa ya sake sunkuyawa cikin jakarsa ya fito da tsohuwar rediyonsa mai ɗaure da roba, da batura sababbi. Ya danna da kansa.

"Assalamu alaikum Baffa, assalamu alaikum Inna. Yau Lahadi, shida ga Afrilu. Inna, ya jikin naki? Na yi muku alkawari a kaset ɗin baya zan karanta muku wasiƙar matar nan yadda ta rubuta ta, sannan in juya muku da Hausa..."

Muryar Hassia ce, sabuwa, cike da murna, tana gaida matar da ba ta san ba za ta ji ba. Tsohon ya rufe fuska da hannun riga. Sannan muryar ta shiga karanta wasiƙar da tsohon faransanci, kalma bayan kalma, alƙalan suna bi da yatsa a shafi na tamanin na littafin Abdourahamane, wanda ya rantse a rubuce cewa shi ya fara ganin wasiƙar a ƙarshen 2009. Shugabar ta cire tabarau ta dube shi. Bai jira tambaya ba, ya sulale daga kujera ya fashe da kuka.

Hukunci bai yi wata biyu ba ya fito. Aka soke digirin Abdourahamane, aka kore shi daga aiki, aka janye littafin. Hassia kuwa aka wanke ta, aka soke korar da aka yi mata. Delmas ya rasa kujerarsa, Madam Ferrand ma ba ta samu tata ba, aka damƙa cibiyar a hannun wani can daban. A barandar zauren, ranar da aka saurari ƙarar, Abdourahamane ya rarrafo ya kama ƙafar mahaifinsa, tsohon ya janye ya ce, "Ba ni ka zalunta ba, ga ta nan." Hassia ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Na yafe maka tsakanina da Allah, Yaya, saboda Inna. Amma dambun nan da ka sa na dafa, shi kam ban san ranar da zan manta ba."

A watan Maris na 2013 Hassia ta kare tez ɗinta a Lyon, zaure ya cika maƙil, har da matan da suka taɓa jan jakunkunansu. Baffa Issa na layin gaba, idonsa ɗaya ya buɗe, bai gane ko kalma ɗaya daga faransancin da aka yi ba, amma da mutane suka miƙe suna tafi shi ya fi kowa hawaye. Da suka koma Rillieux ya zauna a kan katifarta, ya dubi akwatin nan da har yanzu ke ƙulle kusa da ƙofa.

"Hassia, tun kina ƙarama ina ganin takalminki ƙarƙashin kanki in na leƙa ɗakinku. Na gani, ban taɓa tambaya ba. Mu manya muna ta gardamar wa ke da ke, ba wanda ya tambaye ki." Ya share ido. "Gida ɗaya gare ki, kin jiya? Ko na mutu, gida ɗaya gare ki."

Ta gyaɗa kai. Ya jawo rediyonsa, ya zura sabon kaset, ya tura mata gabanta.

"Saura tambayata. Yaron nan, ya kuɓuta?"

Hassia ta danna jan maɓallin. Ta faɗi kwanan wata kamar yadda ta saba, ta gaishe shi kamar yana can Zinder.

"Ya kuɓuta, Baffa. Ya girma a hannunsu yana haƙuri, rannan ya faki idonsu ya fita, bai tsaya ba sai da ya kai gidan da ba mai ce masa tashi..."

Nan kuka ya ci ƙarfinta. Tsohon bai kashe rediyon ba, ya bar kaset ɗin yana juyawa har ta gama.